Ƙafar Baƙuwar Allah

"Na faɗa mata," in ji Animut. "Na gaji da ɓoye-ɓoye, sai kawai na faɗa wa Emaye komai." Mahaifiyarsa yake nufi.

Wubalem ta sauke buhun barkonon da ta kawo niƙa, ta dube shi. Yana tsaye a bayan injin da yake yi wa aiki, garin tef, hatsin ƙasarsu, ya yi masa fari fat tun daga gashin kai har gira. Shekara biyu ke nan tana kiransa tsoho saboda wannan furfurar ta aro, shi kuwa ko talatin bai kai ba. Yau dai tsokanar ta ƙi fitowa.

"Me ka faɗa mata?"

"Cewa yarinyar da nake so tana da tundurmi a ƙafar hagu. Cewa tana wankewa, tana ɗaurewa, kumburin ya sauka, ba mai ganewa sai wanda aka gaya wa."

"Ita kuma ta ce me?"

Ya kashe injin. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar tsorata ta.

"Ta ce muddin tana numfashi, dattawan gidanmu ba za su tsaya a ƙofarku ba." Ya kakkaɓe garin hannunsa. "Ta ce washegarin idin Maryam za ta tura su gidan Gashe Dagnachew mai shagon yadi, su nema mini 'yarsa."

Kwana tara ke nan. Wubalem ta lissafa a zuci, ba ta so ba, lissafin ne ya yi kansa.

A nan yankin Gojjam kowa ya san kafin a ɗaura aure sai an ƙirga kakanni bakwai. Abin da ba a faɗa a fili shi ne, ana ƙirgar ana leƙen ƙafafu. Gidan da aka taɓa ganin kumburarriyar ƙafa, ko ta kakar kaka ce, to 'yan matansa sai su tsufa suna kaɗa auduga. Mutanenmu kuwa, da suke kwana su tashi ba takalmi a cikin jar ƙasar da ke kawo ciwon, su ne kan gaba wajen toshe hanci.

"Da ka bari," ta ce a hankali, hawaye na taruwa. "Da ka bari na ƙara ko wata guda ina ganinka da wannan farin kan."

"In bari har yaushe? Sai ranar biki mata su cire miki takalmi su yi ta salati?"

"Mahaifiyarka ce, Animut."

"Na sani. Ita ta riƙe mu ni da ƙannena biyu tun rasuwar babanmu. Ga ta ba lafiya ce ta ishe ta ba, duk damina sai zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, ta kulle ɗaki ta ce kada kowa ya shigo. Ba na son ɓata mata rai." Ya matso, ya rage murya. "Amma na rantse da Maryam, 'yar Gashe Dagnachew sai dai ta auri injin nan."

Ta yi dariya cikin kuka, ta goge ido da bakin mayafi, ta manta hannun da barkono. Sai ga hawaye sababbi, masu dalili biyu.

"Kin gani ko," in ji shi, yana hura mata ido, "wa zai riƙa yi miki wannan in ba tsoho ba?"

* * *

Ana saura kwana biyu idi, hanyar da ta bi ta ƙofar gidansu ta cika da masu haurawa cocin kan tudu. Da la'asar sama ta yi baƙi, ruwa ya kece, hanya ta koma jan kunu.

Wubalem na zaune tana tsince wake. Yayar mahaifiyarta, Etiye Yezina, wadda ta raine ta tun tana maraya 'yar shekara shida, tana faɗa da kaji a bakin ƙofa. Sai suka ji murya daga waje.

"Masu gida, baƙuwar Allah ce. Ruwa ya tare ni."

"Gida na Allah ne, shigo," in ji Etiye Yezina. "Shigo kafin ki narke."

Wata dattijuwa ta sunkuyo ta shigo, doguwa, siririyar fuska, farin mayafinta ya jiƙe, rigarta har tana share ƙasa. Ta naɗe lemarta ta jingina da bango.

Lemar ce ta tsayar da numfashin Wubalem. Baƙa ce, da faci a gefe, an ɗinke shi da koren zare. Ita ta yi wannan ɗinkin da hannunta a watan jiya, baƙin zarenta ya ƙare ta sa kore. Animut ne ya kawo mata, ya ce ta Emaye ce, iska ta yaga.

Ta ɗaga ido. Ga wushiryar Animut a bakin matar, ga girarsa.

Emama Tiruye ce da kanta, mahaifiyar Animut. Ta yi tafiyar awa uku a ƙasa, ta shigo da sunan baƙuwar Allah, don ta ga ƙafar da ɗanta ya mace a kai.

Ba ta ma ɓoye abin da ya kawo ta ba. Tun da ta zauna a kan dakalin da aka shimfiɗa wa fatar akuya, idonta na kan baƙin takalmin fata da ke ƙafar Wubalem, mai faɗin baki, mai igiya har idon sawu.

"'Yarki ce?" ta tambayi Etiye Yezina.

"'Yar ƙanwata ce, amma wanda ya ce ba 'yata ba ce sai mun je gaban alƙali."

"A cikin ɗaki ma da takalmi take zama?"

"Yayin 'yan zamani ne," in ji Etiye Yezina, ko gezau. "Wubalem, me kike jira? Ruwan ɗumi."

Nan take baƙuwa ta janye ƙafafunta cikin riga.

"A bar shi. Ruwa na tsagaitawa zan wuce."

Etiye Yezina ta riƙe ƙugu. "A bar me? A gidan nan? So kike gobe a coci a ce Yezina ta zaunar da baƙuwar Allah da laka har ƙwauri? Ni da limamin coci ya taɓa yabo a gaban jama'a?"

"Na yafe, 'yar'uwa."

"Ke kin yafe, mai baƙuwar bai yafe ba. Uwata ta wanke ƙafar kuturu a kan wannan dakalin, ta sumbace ta, balle ke da kike tsaf kamar matar gwamna. Zauna kawai. Bari in je madafa in soya gahawa."

Ta ja mayafi ta rufe kai, ta fice cikin ruwan. Wanda ya san Etiye Yezina ya san gardama da ita ɓata yawu ne.

Wubalem ta kawo kwano da tulun ruwan ɗumi, ta durƙusa. A ranta tana cewa, yau ni ce durƙushe a gaban matar da ta ce ba na shiga gidanta.

"Emama, miƙo."

"Na ce ki bari, yarinya."

Muryar ba ta izza ba ce. Wubalem ta san muryar izza, ta sha jin ta a bakin rijiya. Wannan wata aba ce daban, kuma ita ma ta san ta.

"In na tashi da ruwan nan a tsabtace, Etiye za ta zo ta wanke da kanta," ta ce. "Ita kuma bakinta ba ya riƙe magana."

Dattijuwar ta kau da fuska wajen bango, ta turo ƙafar dama.

Takalmin roba ne na maza, ya yi wa mace girma nesa ba kusa ba. Wubalem ta zare shi da ƙyar. Ta kwance tsumman da aka nannaɗe a ciki, warin ya taso, warin da ta kwana da shi shekara biyar kafin Allah ya haɗa ta da ma'aikaciyar asibitin gunduma.

Ƙafar ta kumbura tun daga ƙwauri, idon sawu ya ɓace. Fatar ta yi kauri, ta yi kaushi kamar ɓawon itace. A bayan yatsu ƙananan ƙuraje sun yi cincirindo kamar gansakuka a jikin dutsen rafi, yatsun kuma sun cushe da juna, tsakaninsu ya jiƙe ya tsage.

Zazzaɓin damina. Ɗaki a kulle kwana uku. Wubalem ta ji komai ya zauna a wurinsa.

Ruwa na dukan kwanon rufi.

"Kin san ko ni wace ce?" in ji dattijuwar, har yanzu fuskarta na bango.

"Na sani, Emama Tiruye. Ni na ɗinke miki lema."

"To ga dama ta samu. Kira yayar uwarki ta gani. Gobe ki je wurin injin niƙa ki gaya masa. Ki ce uwarka da ta ƙi ni, ga abin da ke ƙarƙashin rigarta."

Ba zan yi wa Wubalem ƙarya ba, don ba waliyyiya ba ce: ta yi tunanin hakan. Kalma ɗaya daga bakinta, shi ke nan, babu sauran bakin da Emama Tiruye za ta buɗe ta ce a'a. Laifi tudu ne, matar nan ta taka nata ta hango na wani, kuma ga tudun a tafin hannun Wubalem. Zuciyarta ta ce mata faɗi, ki huta.

Sai ta ga yatsun suna motsi, suna neman lanƙwashewa su ɓuya, irin yadda nata suke yi a da in mutum ya kalle su.

Ta miƙe, ta ɗauko sabulunta da ɗan gwangwanin man shafawa daga bayan tukunya, ta dawo ta durƙusa. Ta ɗaga ƙafar da hannu biyu ta sa cikin ruwan.

"Zai ɗan yi zafi a tsakanin yatsu," ta ce. "Ki daure."

"Me kike yi?"

"Wankin ƙafar baƙuwa."

Ta bar ta ta jiƙu. Ta murza sabulu ya yi kumfa, ta bi kowane lungu na fatar da ɗan yatsa, a hankali, tana fitar da jar ƙasar da ta maƙale. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Emama Tiruye ta ja iska ta haƙora, amma ba ta janye ba.

"Shekara nawa, Emama?"

"Sha ɗaya." Ta sunkuyar da kai. "Shekara sha ɗaya ba hannun da ya taɓa ta sai nawa. Jinin akuya na taka a mararraba, wadda aka yanka don wani. Na je ruwan tsarki sau huɗu. Na sha saiwoyi har hanjina ya gaji."

"Ba jinin akuya ba ne. Ƙasar gona ce, ita ke shiga ta fata."

"Kowa na taka ƙasa."

"Kowa na takawa, ba kowa take kamawa ba. A asibiti sun ce akwai jinin da ta fi so, ba zan ɓoye miki ba. Amma sun ce yaron da ya tashi da takalmi, yana wanke ƙafa kullum, ba ta samun hanyar shiga."

Dattijuwar ta juyo, hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba.

"'Ya'yana mata biyu suna ɗakin mazajensu. Ranar da aka ji labarin ƙafar nan, ranar za a koro mini su da 'ya'yansu a goye. Kin gane? Ba ƙinki nake ba, ban ma san ki ba. Amma in Animut ya auro ki, idon gari zai dawo kan ƙafafun gidana. Sannan ga jinina, ga naki, a haɗa a cikin jikokina. Wace uwa ce za ta yarda?"

"Na gane."

"Ba ki gane ba, yarinya ce ke."

Wubalem ta tsane hannunta. Ta zauna a ƙasa, ta kwance igiyar takalminta na hagu, ta zare safa, ta warware bandejin. Ban da Etiye Yezina da ma'aikaciyar asibiti, ba wanda ta taɓa buɗe wa, har Animut.

Ƙafar ta ɗan fi 'yar'uwarta kauri, da tabo baƙi-baƙi a bayan yatsu. Amma fatar lumus take, a bushe, idon sawu a fili.

"Shekara huɗu da suka wuce ta fi taki," ta ce. "Ƙuda ke raka ni kasuwa. A coci a waje nake tsayawa, bayan mabarata. Na taɓa zama a bakin rafin can ina roƙon Maryam ta ɗauki raina kafin damina ta zagayo. Kada ki ce ban gane ba, Emama."

Emama Tiruye ta sunkuya. Ta miƙa hannu kamar mai tsoron wuta, ta taɓa idon sawun da yatsa biyu.

"Da me?"

"Da abin da kike gani. Sabulu, ruwa, mai, bandeji, safe da yamma. Da takalmin da aka ɗinka daidai ƙafar. Akwai mai ɗinkawa a kusa da asibitin, awo kawai ake kai masa, tsawo da kauri."

Ta koma kan aikinta. Ta tsane ƙafar da tsumma mai tsabta, har tsakanin yatsu, ta lakaci mai ta shafa tun daga yatsu tana turawa sama. Dattijuwar ta lumshe ido, kafaɗunta suna girgiza. Kuka take, marar sauti, irin na wanda ya daɗe da koyon yin sa a ɓoye.

Da ta buɗe ido sai ta gyara zama, ta ɗaure fuska.

"Wankin nan ba zai sa in canza magana ba."

"Ban wanke don ki canza ba." Hawayen Wubalem ya ɗiga cikin kwanon. "Ina son ɗanki, Emama, son da ban san inda zan kai shi ba in kin raba mu. Amma ba zan saye shi da ƙafarki ba."

Ƙamshin gahawa ya riga Etiye Yezina isowa. Wubalem ta yi maza ta naɗe ƙafar da sabon bandejinta, ta tura ta cikin takalmin roba, ta ja rigar ta rufe. Ta wanke ta hagun a gurguje, ta ɗauki kwanon ta watsar da ruwan can bayan ɗaki.

"An wanke?" in ji Etiye Yezina tana shigowa da tire. "Me ya sa idonku ya yi ja ku biyu?"

"Ƙaya ce ta shige ta, Etiye, na cire."

"Ita ƙaya ta soka, ke kuma me ya soke ki?"

"Barkono."

"Kullum barkono. Yarinyar nan tun da ta fara kai niƙa idonta bai huta ba."

Aka sha gahawa zagaye uku, kamar yadda ya kamata. Ruwa ya tsagaita, baƙuwa ta sa albarka, ta ɗauki lemarta da ƙunshinta ta fita, ba ta ko waiwayi Wubalem ba. Ba ta kuma san ƙunshin ya ƙara nauyin sabulu ɗaya da gwangwani ɗaya ba.

* * *

Idi ya zo ya wuce. Washegari Wubalem ta wuni a ɗaki, duk wanda ya gifta ta ƙofa sai gabanta ya faɗi, tana jiran wanda zai kawo labarin an ga dattawa a gidan Gashe Dagnachew. Ba ta je wurin injin ba. Tsoro take kada ta ga fuskar Animut, bakinta ya suɓuce. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ranar nan nata ya yi mata nauyi.

Kwana uku ba labari. A na huɗu da hantsi tana shanya barkono a tsakar gida, sai ta ji an yi gyaran murya a bakin shinge.

Da ƙyar ta gane shi. Ya yi wanka, kansa baƙi wuluk, ba ɗigon gari.

"Ina tsohona?" ta ce. "Wannan yaron ban san shi ba."

Bai yi dariya ba. Ya shigo yana juya wani abu a hannu.

"Daga gida nake. Wubalem, ban gane kan Emaye ba. Dattawa sun taru ranar da ta sa, sun sha gahawa, ta ce su koma ba ta jin daɗi. Jiya ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗaki da kwanon ruwa, ta kore ni waje sai da ta gama abin da take yi." Ya buɗe tafin hannunsa. "Sannan ta ba ni wannan, ta ce in kawo miki."

Zaren auduga ne fari, irin wanda tsofaffi ke kaɗawa, da ƙulli biyu a jikinsa.

"Ta ce awon takalmi ne, ki kai wa mai ɗinka miki. Ta ce a yi baƙi irin naki. A ina ma ta san irin naki?"

Wubalem ta karɓi zaren. Yatsunta suka bi shi har ƙullin farko, tsawo. Suka wuce zuwa na biyu, kauri.

"Ta ce wani abu kuma?"

"Ta ce a gaya masa ya hanzarta, ba za ta shiga bikin ɗanta da takalmin roba ba." Sai yanzu wushiryar ta bayyana, idonsa ya cika da ƙwalla. "Kuma ki gaya wa Etiye ta zuba tsakuwa a ƙofar gida kafin Lahadi. Ta ce ƙofarku laka gare ta, dattawa kuma ba sa son tsayuwa cikin laka."

Wubalem ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi, ta yi kukan da ta riƙe kwana shida. Animut ya tsuguna a gabanta yana kiran sunanta, yana tambayar me ta yi wa Emaye, wane asiri ne wannan, yaushe ma suka haɗu.

"Ruwa ne ya tare ta a nan," ta ce da ta samu numfashi. "Muka ba ta gahawa."

"Gahawa kawai?"

"Ka san gahawar Etiye."

Ya girgiza kai, ya karɓi zaren yana dubawa, ya zagaya shi a bayan tafin hannunsa.

"Amma ta yi kuskure a awon nan. Dubi ƙulli na biyu. Ai wannan ya yi wa ƙafar Emaye yawa, sai ka ce ƙafar mutum biyu. Ko in koma ta sake aunawa?"

Wubalem ta zare zaren daga hannunsa, ta naɗe shi a hankali, ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Bar shi haka," ta ce. "Tsofaffi sun fi son takalmi mai sakewa."